Littafi Mai Shuɗin Bango da Ƙoƙon Kindirmo

Littattafai biyu ne suka mai da ni abin da nake a yau a aikin koyar da ƙananan yara. Ɗaya ƙato ne mai shuɗin bango, wanda in ka jefi akuya da shi sai dai a nemo wuƙa. Ɗayan kuwa ɗan siriri ne, ba shi ma da bango, ga shi ɓera ya ɗanɗana gefensa. Na farkon da hannu biyu na karɓe shi. Na biyun cusa min shi aka yi, kuma sai da ya yi wata biyu a ƙasan jakata ban buɗe shi ba.

Ni 'yar Ringim ce. Babanmu noman rani yake yi, albasa da tumatur da tattasai, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa zama da 'yan shekara uku da huɗu aiki ne da ake zuwa kwaleji a karanto ba. Ranar da na faɗa masa fannin da zan karanta, sai ya dube ni ya ce, "To ai innarki ta raini tara, ba ta da takardar kowa." Ni ma in zan faɗi gaskiya ba don so na zaɓa ba. Nan ne kawai aka samar min gurbi a kwalejin horar da malamai.

Wata laccararmu ce ta juya min tunani, wata gajeriyar mata mai magana a hankali kamar ba ta so. Ta lura ina zama a baya ina hamma, sai wata rana ta kira ni ofishinta ta ɗora min wannan shuɗin littafi a hannu. Da Turanci yake, an buga shi a ƙasar waje, cike da hotunan yara suna wasa da yashi da ruwa. Ta ce in karanta babi ɗaya in dawo mu yi musu. Ta san inda za ta kama ni, don ni akwai son musu.

Da ƙamus a gefe na karanta shi, kuma ban tsaya a babi ɗaya ba. A nan na fara jin cewa wasan yaro shi ne aikinsa, cewa in za ka yi masa magana ka durƙusa tsawonku ya zo ɗaya, cewa bulala ba ta koya wa ɗan shekara huɗu komai sai tsoron mai riƙe da ita. Da muka fita gwajin koyarwa, wani yaro ya shiga kuka ya ƙi shiru, malamar ajin ta ɗauko tsumagiya. Na ce ta bari in gwada. Na durƙusa a gabansa na tambaye shi me ya faru, ashe takalminsa ɗaya ne ya ɓace. Muka nemo takalmin tare, kuka ya ƙare. Daga ranar na ba wa littafin nan amanna gaba ɗaya. Da muka gama kwaleji laccarar ta bar min shi kyauta, na yi masa riga da takardar buhun siminti don kada bangon ya lalace.

A ƙarshen littafin akwai wani jadawali, shafi huɗu. An jera abubuwan da ya kamata yaro ya iya a kowace shekara, ga akwati a gefen kowanne, malami ya sa maki in yaro ya iya. Na fi son shafukan nan a kan duk sauran, saboda suna sa ni jin kamar likita.

Na sami aiki a Dutse, a wata makaranta mai zaman kanta da ke can gefen gari, inda duwatsu suke kallon ajujuwanmu. Mai makarantar wata dattijuwa ce da ta yi ritaya bayan ta daɗe tana shugabantar firamare, kowa Hajiya yake ce mata. Shekarata huɗu ina koyarwa ta kira ni ta ce ta ba ni shugabancin sashen rainon yara, aji uku da malamai huɗu, kuma in ci gaba da riƙe ajin 'yan shekara huɗu. Na fito ofishinta ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kafin sati ya zagayo na sa kafinta ya gutsire ƙafafun kantoci don yara su kai, na sa an zubo yashi a tsakar gida, na tattara tsumagun malamai na ba mai dafa abinci ta hura wuta. Har yau ban yi nadamar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ranar da ta ba ni muƙamin ne Hajiya ta buɗe durowa ta miƙo min ɗan siririn littafin. Da Hausa yake, wani tsohon malamin firamare na ƙasar nan ne ya rubuta shi a kan yadda ake riƙon makarantar ƙananan yara, aka buga shi a irin takardar da ake naɗe ƙosai.

"Ki duba wannan in kin sami sarari," in ji ta.

Na ce, "To Hajiya, na gode." A raina kuwa cewa na yi, ni da nake da na ƙasar waje me zan yi da wannan? Na jefa shi jaka, ƙarƙashin sallaya.

A zangon nan ne aka kawo yarinyar. Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar shekara huɗu ce, siririya, doguwa a kan sa'o'inta, da ƙananan kitso guda biyu da suka sauko gefen kunnuwanta. Mahaifinta fataucin shanu yake yi, bai daɗe da dawowa da iyalinsa Dutse ba. Ita kuwa tun da aka yaye ta tana wajen kakarta a wata ruga da ke bayan Garki, sai da za a sa ta makaranta aka ɗauko ta. Mahaifiyarta ce ta kawo ta ranar farko, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malama, ga wannan yarinyar." Ba ta ƙara komai ba ta juya.

Yarinyar ta zaɓi wurin zamanta a kusurwa, kusa da taga. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta fitsari a wando. Amma in na durƙusa a gabanta kamar yadda littafi ya koya min, sai ta sunkuyar da kai ta kafa wa yatsun ƙafarta ido. In na ɗago haɓarta sai ta runtse. In na tambaye ta sunan babanta, shiru. Sauran yaran kuwa, 'ya'yan ma'aikata, tun kafin in rufe baki sun rattabo sunan uba da na kaka har da lambar motarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai mu shimfiɗa tabarmi, kowa ya buɗe kwanonsa, a yi bismilla tare. Ita sai ta rungume nata a cinya ta ƙi buɗewa. Na lallasa, na yi waƙa, na ɗebo a cokali na kai bakinta, ta kau da kai. In na ce, "Ba kya jin yunwa?" sai ta girgiza kai. Haka za ta koma gida da kwanon yadda ta zo da shi.

Sati shida ina kallon wannan. Sai na ɗauko jadawalina. Yana kallon idon mai yi masa magana? Babu. Yana faɗin sunan mahaifinsa? Babu. Yana neman abinci in ya ji yunwa? Babu. Yana cin abinci tare da sauran yara? Babu. Akwatuna suka jeru wayam, ni kuma zuciyata ta ba ni cewa na gano abin da kowa bai gano ba. Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe min.

Hajiya ba ta gari a lokacin, ta tafi Kano zaman jegon 'yarta. Ban jira ta ba, ai ni ce shugaba. Na zauna na tsara wasiƙa da Turanci mai kyau, na jera duk abin da yarinyar ba ta yi, na ba da shawarar a kai ta asibiti a duba kunnenta da ƙwaƙwalwarta. Na sa hannu, na buga hatimin makaranta, na zura a jakarta ranar Alhamis.

Litinin ba ta zo ba. Talata ba ta zo ba. Ranar Laraba bayan an tashi, ina share allo, sai ga mahaifiyarta da baƙar leda a hannu. Muka gaisa, ta ajiye ledar a kan teburina. Kayan makarantar yarinyar ne a ciki, an wanke an ninke.

"Lafiya dai?" na tambaye ta.

"Lafiya lau, Malama. An mai da ita wajen tsohuwa."

Na ja mata kujera ta ƙi zama. A tsaye ta ba ni labarin, muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. Maigidanta ba ya karanta boko, sai ya kai wasiƙar majalisar ƙofar gida, wani maƙwabci ya karanta ya fassara a gaban kowa. Fassarar da ya yi ita ce, makaranta ta ce 'yarka ba ta da hankali. Washegari da sassafe ya sa ta a mota ya kai ta ruga. Da ma kakar ba ta so aka ɗauko ta ba.

"Shekara guda na yi ina roƙo kafin su yarda," in ji ta. "A gidan nan ba a taɓa sa mace a boko ba. Ita ce ta fari, na ce ko ita ta buɗe wa na baya hanya. To Allah bai yi ba."

Na buɗe baki zan kare kaina, na fara cewa ai yarinyar ce ba ta cin abinci. Sai ta ɗan dube ni, kallo ɗaya, ta mai da idonta ƙasa.

"Tana ci, Malama. Da ta shiga ɗaki take cinyewa tas. A gaban mutane ne ba za ta ci ba. Haka tsohuwa ta raine ta."

Ta yi min sallama ta fita. Na zauna a ɗaya daga cikin ƙananan kujerun yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Fulako, kunyar nan ta Fulani. Ni da na tashi a Ringim, ni da muke tsokanar masu tallan nono cewa ko yunwa za ta kashe su ba za su ci a kasuwa ba, ni ce na kalli wannan abu sati shida ban gane shi ba. Sai a lokacin ma na tuna uwar ba ta taɓa kiran sunan yarinyar a gabana ba, saboda 'yar fari ce. Kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya, na rasa wanda zan sauke wa shi sai kaina.

Hajiya ta dawo ranar Alhamis. Na shiga na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kin duba ɗan littafin nan kuwa?"

Na ce ban duba ba.

"To je ki duba. Ba shi da yawa."

A ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta na karanta shi, tsakanin azahar da la'asar. Ba shi da hoto ko ɗaya, ba shi da jadawali. Labarai ne kawai na abin da tsohon ya gani a shekarun aikinsa, da kurakuran da ya tafka, yana ba da su ba tare da ya ɓoye wautarsa ba. Ya yi maganar yadda shugaba zai gyara wa malami kuskure ba a gaban yara ba, da yadda ake karɓar uban da ya zo a fusace. Amma babin da ya tsaya min a rai shi ne na uku. Abin da yake nufi a can shi ne, kada malami ya yanke hukunci a kan yaro sai ya taka ya ga gidan da yaron yake kwana, kuma magana mai nauyi a kan ɗan mutum ba a ba wa takarda ita ta kai, ƙafa ake sawa a je a zauna. Ya ba da labarin yadda shi ma ya taɓa rasa ɗalibi ta wannan hanya, kuma bai sake ganinsa ba.

Wannan na ƙarshen ne ya tayar da ni. Na koma ofis na ce, "Hajiya, zan je rugar."

"Kin san hanya?"

"Da tambaya akan je."

"To ki bar shuɗin littafinki a gida," in ji ta. "Ki sayi goro da gishiri."

Ranar Juma'a bayan an tashi na hau adaidaita zuwa tasha, na shiga motar Ringim. Lokacin kaka ne, duk hanya ana yankan gero, dammuna a jere a bakin gonaki. Na isa gida kafin magariba na tarar da innarmu tana tankaɗe. Na zauna na zayyana mata abin da ya kawo ni, har da jerin tambayoyin jadawalin. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"To ke 'yar boko, faɗa min sunan mijinki in ji."

"Haba Inna!"

"A'a, faɗi mana. Ko na babanki. Ga ni ina saurare."

Na rufe fuska da mayafi. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ashe ke ma akwatinki wayam yake. Sai mu nemi mota mu kai ki asibiti."

Da safe na kama hanyar Garki. Daga can ɗan acaba ya ɗauke ni muka bi wata siririyar hanya mai yashi, muna tsayawa muna tambaya, har muka hango bukkoki huɗu a gefen wata gona da aka girbe. Na sauka daga nesa na ƙarasa da ƙafa.

Muryar yarinyar na fara ji kafin in gan ta, kuma ban gane muryar ba, don ban taɓa jin ta ba. Tana tsaye a wurin da ake ɗaure maruƙa, da ɗan zane ɗaure a ƙirji da tsinken kara a hannu, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci. Kowanne da sunansa, kuma wanda ta kira shi yake ɗago kai. Wani jan maraƙi ya nemi ya tsinke, ta daka masa tsawa, ta kama igiyar ta sake ɗaure shi da wani ƙulli da ni ban iya ba. Ta ja baya ta nuna su da kara tana ƙirgawa, ta ga ba su cika ba, ta zagaya bayan bukka ta koro ɗaya. Wannan ce yarinyar da na rubuta a duba mata ƙwaƙwalwa. Da ta juyo ta gan ni sai karan ya faɗi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da kai a sunkuye, ta ruga ɗaki.

Kakar tana zaune a inuwar bukka tana gyaran ƙwarya. Tsohuwa ce ƙarama, busasshiya, idonta tar. Ta shimfiɗa min tabarma, ni kuwa na zauna a gefe, a ƙasa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gida da shanu da hanya da gajiya, ban yi gaggawa ba. Na tura mata goro da gishirin, ta sa albarka. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Ta sani.

Ta shiga ta fito da ƙwaryar fura da nono, ta ajiye a gabana da ludayi. Rabona da abinci tun kokon safe, ga rana ta take, ga ƙamshin nonon yana shiga hancina. Amma ga ta zaune tana kallona, ga wasu mata biyu sun fito suna leƙe.

Na ce, "Alhamdu lillahi Inna, a ƙoshe nake."

"A ƙoshe kike," ta maimaita. "Daga Garki a kan babur, cikin ranar nan."

"Wallahi na gode."

Ta ɗan yi murmushi, ta ɗauki ƙwaryar ta kai cikin bukka, ta dawo ta ce in shiga in huta, ta saki asabari a bayana. Na zauna ni kaɗai a cikin sanyin ɗakin. Ban bar ko ɗigo a ƙwaryar nan ba. Ina sha ina jin nauyin abin da ta yi min, don ba ta ce komai ba, kuma ta gama faɗin komai.

Da na fito na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, laifi na yi, na zo ne ki yafe min. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, ni ce ban iya kallo ba."

Ta amsa tana kankare ƙwaryarta.

"Malama, ni ban yi boko ba. Na koya mata kada ta kafa wa babba ido, kada ta kama sunan ubanta, kada ta buɗe baki tana tauna a gaban mutane. Shekara biyu ina koya mata. Ta iya. Sai ga takarda wai abin da ta iya ɗin shi ne ciwonta. To in na ba ki ita, me za ki mai do min?"

Na ce mata karatu da rubutu kawai zan ƙara mata, abin da ta zo da shi kuwa ba zan taɓa ba. Na ce zan yi mata wurin cin abinci inda ba mai ganinta. Na ce zan je da kaina majalisar da aka karanta wasiƙar in aika a faɗa cewa kuskure ne nawa.

"Za ki iya?"

"Zan iya."

"To Allah ya kai mu," in ji ta. Iyakar abin da na samu ke nan, na kamo hanya.

Na cika alkawarin majalisa. Na roƙi maigidana ya raka ni, na tsaya daga zaure, shi ya fita ya isar da saƙona a gaban mutanen da suka ji na farko. Mahaifin yarinyar ya ce ba komai, ya wuce, irin ba komai ɗin da ba ka san inda ya dosa ba. A aji kuma na sa aka kawo zana aka kafa a kusurwar taga, na shimfiɗa 'yar tabarma a bayanta. Malamaina suna tambaya ta mece ce, na ce ta mai zuwa ce. Kayan makarantarta na mayar wa uwar, na ce ta ajiye.

A cikin kwanakin jiran nan na koma ga shuɗin littafina, da niyyar in kama shi da laifi. Sai na tarar da wani ɗan sakin layi kafin jadawalin, wanda yake gargaɗin cewa waɗannan alamu sun danganta da al'adar inda yaro ya tashi, kuma a tuntuɓi iyaye kafin a yi amfani da su. Na karanta littafin nan ya fi sau biyar, kullum ina tsallake wurin don ina ɗokin isa ga akwatuna. Na ja masa layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa.

Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Kullum da safe ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar yara, idona yana kan hanya. Na fara cewa a raina shi ke nan, na bi sahun tsohon malamin. Zanar ta fara tara ƙura, yara suka mai da bayanta wurin ɓuya.

Ranar Litinin ta sati na uku sai ga su, uwar a gaba, ita a baya cikin kayan makaranta da alamar ninki a jikinsu. Uwar ta tsaya a inda ta tsaya ranar farko ta ce, "Malama, ga wannan yarinyar." Na ce, "Sannunku da zuwa," ban ƙara ba.

Ban durƙusa a gaban yarinyar ba. Na koyi zama a gefenta, mu duka muna kallon abu ɗaya, allo ko yashi ko littafin hotuna, in yi magana ba tare da na nemi idonta ba. Da aka kaɗa tara na nuna mata bayan zana da hannu na juya. Da aka dawo aji na ɗaga kwanonta na ji shi sakayau. Daga baya wasu yara biyu su ma suka nemi a bar su su riƙa ci a can, na ƙara tabarma. A hankali ta fara amsa min da ƙaramar murya, kalma ɗaya, kalma biyu. Ƙirga kuwa ta fi kowa a ajin.

Tun daga lokacin, duk malamar da ta zo aiki a ƙarƙashina littattafan nan biyu nake ba ta tare, kuma nakan ce ta fara da ƙaramin. Wasiƙa a kan yaro ba ta fita daga sashena sai an je gidansu an zauna.

Ana saura kwana uku a yi hutun zangon, lokacin tara, ina zaune a teburina ina cike sakamakon yara. Sai na ji an ja gefen zanena. Ita ce, riƙe da wani ɗan ƙoƙo da aka rufe da faifai. Kakarta ce ta aiko da kindirmo daga ruga. Na miƙa hannu zan karɓa in ajiye a tebur, ta ƙi saki. Ta juya ta nufi kusurwa tana waiwayena, na tashi na bi ta. Ta ajiye ƙoƙon a kan 'yar tabarmar bayan zana, ta buɗe faifan, ta gyara min ludayi, ta fita.

Na lanƙwashe ƙafafuna na zauna a wurin da aka yi don 'yar shekara huɗu. Ta tsakanin karan zanar ina hango bayanta. Ta tsaya a bakin wurin, ta juya min baya, ta buɗe hannuwanta biyu ta tare hanya. Yara suka taso suna son su ga me ake yi. Sai na ji muryar nan da na ji a wajen maruƙa, da ƙarfinta, karo na farko a cikin ajina.

"Kada wanda ya leƙa. Malama tana cin abinci."

Na ɗauki ludayin na fara sha, hawaye yana sauka a cikin ƙoƙon. Ba ta juyo ba har sai da na gama.